Kirtanin Awon Randa

Zuwa ga 'yar Kawuna, Randa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki da maigidanta. Ni ma lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan na zaman keke da kika sani. A kamfani kayan ma'aikatan asibiti muke ta ɗinkawa tun wancan watan, fari fat, har idona ya gaji. Maganar takardar zama kuma, an ce saura wata bakwai in cika shekara biyar ɗin da suke so ba tare da na fita daga ƙasar nan ba. Daga nan sai a ba ni ta dindindin, in zo in gan ku in koma yadda na ga dama. A ci gaba da sa ni a addu'a.

To, na gama gaisuwa. Yanzu ki gyara zama.

Shekaranjiya muna hutun cin abinci, Mai Guga, matar da ke goge kaya a layinmu, tana ta latsa waya. Ita ma Allah ya yi mata jiki irin naki, kuma ta ce masu jiki ba sa barin shago a duniya ba su leƙa ba. Shafin wani shago take kallo, mai sayar da kayan manyan mata na hannu. Sai ta miƙo mini ta ce, "Tela, dubi wannan ɗinki don Allah. Yanzu akwai mai irin wannan haƙurin?"

Na karɓa ina tauna burodi. Randa, sai na ajiye burodin. Koriyar rigarki ce! Mai maɓalli talatin da biyu, waɗanda na lulluɓe ɗaya bayan ɗaya da hannuna har babban yatsana ya yi kanta. An sa wa wani gunkin roba marar kai ita, an ɗaura mata takarda da lamba a hannu. Na ce ƙarya ne, kama ce kawai. Na matsa hoto na gaba, sai ga cikin wuya an ɗauka, ga ɗan jan zaren nan da nake gicciyewa a duk rigar da na ɗinka miki. Na ƙara matsawa, ga mai ruwan goro mai aljihu biyu. Ga shuɗiya mai faɗin hannu. Ga mai ɗigo-ɗigon da na ɗinka shekarar da Kaka ta rasu, ina taka keke ina hawaye. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya cif. Shekara goma sha ɗaya da na yi a nan, kowace shekara riga ɗaya, ga su a jere ana neman mai saye. Adireshin shagon kuma a garinmu yake, bayan tashar mota.

Mai Guga ta ce, "Tela, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?" Na ce mata ba komai. To me zan ce mata? In ce gumina ne aka rataye a gwanjo?

Abin da ya fara zuwa raina shi ne sata aka yi miki. Amma ɓarawon da zai bar talabijin ya kwashi riguna, har ya wanke ya goge, ban taɓa jin labarinsa ba. Na kira ki sau uku, sau ɗaya kika ɗauka, kika ce kina cikin mota. Kamarar wayarki kuma wata takwas ke nan wai ta lalace, sai ka ce an daina gyaran waya a duniya.

Sannan ina kirtanin bana? Tun shekarar farko da kika karanta tef ta bayansa, kika aiko mini da lambobin da ko motar haya aka auna ba za ta kai su ba, muka yi magana ta ƙare: duk farkon shekara ki zagaya kirtani a jikinki, ki yi ƙulli uku, na ƙugu, na ƙirji, na kwankwaso, ki sa a ambulan. Ba ki taɓa latti ba. Ga su nan goma sha ɗaya a ƙusa a saman kekena, kowanne ya fi na bayansa tsawo. Bana shiru. Yadin kuwa na saya tun wata biyu, ja mai duhu, yadi shida da rabi, yana ninke yana jiran ki.

Ki ba ni amsa, kuma kada ki fara mini da wasan taubasantaka. Yau ba na dariya.

Taki,
Allura

* * *

Zuwa ga 'yar Goggona, Allura sarkin tsini,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso bayan sati uku, kuma tun kafin in yage ambulan na ji zafinta a tafin hannuna. Muna nan lafiya. 'Yata da maigidanta suna gaishe ki. Ni ma sai godiya, 'yar gajiya ce kawai, har na ɗauki hutu daga ofishin makaranta in ɗan kwanta. Allah ya sauwaƙe miki ciwon baya, ya cika miki watannin nan lafiya.

Kwantar da hankalinki, ba a yi mini sata ba. Ni ce na kai su da ƙafata. Wata Asabar na buɗe kabad na ga sandar rataya har ta lanƙwashe don nauyi, sai na fito da komai na zube a gado. Na yi tari uku: na bayarwa, na tsumma, na sayarwa. Kayan kanti duk a biyun farko suka ƙare, wani zif ya mutu, wani hammata ta ci. Naki ne kaɗai suka shiga na uku da ƙwarinsu, kamar jiya kika sauke su daga keke.

Matar shagon dillaliya ce, amma ta zamani. Ba ta saye daga hannunka. Ka kawo kaya a wanke a goge, ta duba hammata, ta ja zif sama da ƙasa, ta ɗaga wa haske, wallahi har shinshinawa take yi. Wanda ta karɓa ta ɗaura masa lambarka, ta ɗauki hoto, ta rataye. In an saya ta cire la'adarta ta ba ka naka, in wata uku ya cika ba a saya ba ka zo ka kwashi abinka ko ka ƙara wa'adi. Kuma kayan manya kawai take karɓa. Irinki in ta shiga, kujera za a ba ta a ce ta jira wadda ta rako.

Ina ma kina wurin lokacin da ta juya koriyar ciki waje. Da ta ga rarar yatsu huɗun nan da kike ninkewa a ciki ta kowane gefe, don in na ƙara jiki a saki, sai ta nemi wuri ta zauna. Ta ce shekara ashirin tana wannan harka ba ta taɓa ganin telan da ya yi wa mai jiki tanadin gaba ba, kowa so yake ya matse mu kamar horo yake yi mana. Ta tambaye ni wace ce telar. Na ce wata tsinken mata ce mai baƙar zuciya, tana can nesa, ba ta ɗinka wa kowa sai ni.

Ina zaune a wurin wata malamar jinya ta shigo, ƙatuwa, fara'a kamar ta saya. Ta ɗauki shuɗiyar ta shiga ɗakin gwaji, sai muka ji shiru. Dillaliya ta ce, "Baiwar Allah, lafiya dai?" Sai ga ta ta fito tana ɗaga hannuwa sama tana saukewa, tana cewa, "Ku duba! Don Allah ku duba, hammatar ba ta kama ni ba!" Har da ƙwalla, Allura. Ko cirewa ba ta yi ba, tsohuwar rigarta aka sa mata a leda. Ke ba za ki gane ba, ke da kowane rataye na kasuwa awonki ne. Mu kan zagaye shago goma mu dawo gida da gyale.

Dalilin kuwa ba wani abu ba ne, na rage jiki. Sun yi mini yawa. Shekara nawa kina ce mini in rage, to ga shi Allah ya amsa miki.

Ga kirtanin bana nan a ciki. Na yi latti ne don na yi ta tunanin ko in hutar da ke wannan shekarar. Ki mai da hankali ki cika watanninki, kada ki bar komai ya ɗauke miki hankali, ko da ni ce.

Taubashiyarki da kike fushi da ita,
Randa

* * *

Randa,

Sallama da gaisuwa. Na ji kuna lafiya, alhamdu lillahi. Ni ma ina nan, bayan ya ɗan yi sauƙi tun da aka canja mini kujera. Ki gaishe da 'yarki.

Da na buɗe ambulan ɗinki kirtani ya faɗo ƙasa, na ɗauka, sai na koma ina girgiza ambulan ina neman sauransa. Babu. Na rataye shi a ƙusa kusa da 'yan uwansa, na ja baya na tsaya ina kallo baki buɗe. Ƙullin ƙugu ya gaza na bara da taƙi biyu na hannuna, har da ɗoriya. Taƙi biyu, Randa! Tabɗijam!

Ɗayan uku ne. Ko dai 'yarki kika auna don ki ja ni da wasa, ko kin riƙe numfashi kin ɗaure kanki tamau kamar buhu, ko kuma da gaske ne. In da gaske ne, to barka, na taya ki murna, ki aiko wa Mai Guga sunan shayin da kike sha, ta ce ko nawa ne za ta saya. Amma ni ban haifu jiya ba. Mace ba ta kwashe kabad ɗinta kaf, ta ɗauki hutu, ta daina nuna fuska a waya, sai da dalili, kuma dalilin yawanci gemu gare shi. Shekara tara da rasuwar baban 'yarki, ba wanda zai ga laifinki. Malamin lissafin nan ne da ke kawo miki rajista da kansa alhali yana da 'yan aike? Faɗa mini in san irin yadin da zan nema.

Sai dai wannan bai wanke ki ba. Ki gaya mini, kina da tela ko ba ki da ita? Riga in ta yi wa mutum yawa ragewa ake yi. Da kin sa su a kwali kin aiko, sati ɗaya ya ishe ni in tsuke su duka, ba mai gane an taɓa. Kin san haka sarai. Amma kika zaɓi ki kai wa wata ta shinshina, ta ɗaura musu lamba kamar awaki a kasuwa. Kina ba ni labarin malamar jinya ta yi ƙwalla. To ni fa? Ni don ita na hana idona hutu? Na san inda kafaɗarki ta hagu ta fi ta dama sauka, na san ba kya son abu ya taɓa miki wuya, na san aljihu sai ya ci waya da makulli da alewa. Don jikinki na yanka su, ba don duk wata mai faɗi da ta shigo daga titi ba.

Bari in faɗa miki abin da ya fi ci mini rai. Gani nake kin zama 'yar gayu, sai kika ji kunyar Randar da, kika tattara ta kika kai gwanjo, har da telarta. Tun muna yara a ɗakin Kaka, duk wanda ya yi miki dariyar jiki ni nake tare masa hanya, ni da ko iska mai ƙarfi kan kayar da ni. Ban taɓa jin kunyarki ba ko na rana ɗaya.

Ba zan sa almakashi a jan yadin nan ba sai kin sake awo a gaban shaida, kin saki numfashi, kin aiko mini da kirtanin gaskiya. In kuma kayan kanti kike so yanzu tunda sun fara shigar ki, ki faɗa mini in huta.

Allura

* * *

Randa, 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba, don yanzu tsoron amsar nake ji. Yau sati tara da na aika miki waccan wasiƙa, ba amsa. In na kira, 'yarki ce ke ɗauka ta ce Mama ta kwanta. Da rana tsaka, Randa? Ke da ko zazzaɓi ba ya hana ki surutu?

Zan faɗa miki abin da na yi, ko da za ki ce ban kyauta ba. Na sa Mai Guga ta sayi koriyar da sunanta, ita kaɗai ta rage a shafin. Niyyata in aiko miki da ita ba wasiƙa ba komai, don ki ji kunya. Jiya ta iso. Na shimfiɗa ta a teburin yanka, na juya ta ciki waje kamar yadda nake wa kowace riga in ta shigo hannuna.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A baya, daga kafaɗa zuwa ƙugu, akwai hudar fil. Kin yi ta kama rigar da fil ta ciki don ta zauna miki. Kuma ba layi ɗaya ba ne, layi huɗu ne, kowanne ya fi na bayansa shiga ciki. Layin farko hudar ta yi yawa har yadin ya ɗan saki, wato kin daɗe a nan. Na biyu kaɗan ne. Na uku da na huɗu huda biyu ce zuwa uku, wato ko sati biyu ba ki yi a kowanne ba kika wuce. Shekara talatin ina auna mata, na ga masu shan shayi, na ga masu gudu da safe, na ga masu barin shinkafa. Ba wadda jikinta ke zubewa da irin wannan gudun don tana so.

Ina tsaye riƙe da rigar sai Mai Guga ta ce, "Tela, akwai 'yar takarda a ledar." Rubutun dillaliyarki ne. Ta ce ta gode da ciniki, mai rigar nan mutuniyar kirki ce, tana jinya, a taimaka mata da addu'a. A kan kwalin zare na zauna. Mai shago ta sani, har tana roƙa miki addu'a wurin baƙuwar da ba ta taɓa gani ba a wata ƙasa, ni kuwa ina nan ina tsokanar ki da mai gemu.

Na ɗauko wasiƙarki na karanta ta fi sau goma. 'Yar gajiya. Hutu daga ofis. Allah ya amsa miki. Kada ki bar komai ya ɗauke miki hankali ko da ni ce. Duk kin rubuta, ni ce fushi ya rufe mini ido ban karanta ba. Wayyo Allah, da wane baki na ce kin ji kunyar kanki?

Don girman Allah, don darajar Kaka da ta raine mu a tabarma ɗaya, ki gaya mini me ke damun ki. Kada ki sa 'yarki ta tsara mini magana. Da hannunki nake so, ko layi biyu ne.

Ki yafe mini.
Allura

* * *

Allurata,

Wa alaikumus salam. Kin ce da hannuna, to ga shi, ki yi haƙuri da rubutun, ya zama kamar tafiyar kaza. Kwana uku na yi ina rubuta wannan. Yau da sauƙi, na sha shayi na ci rabin burodi, 'yata har da tafi.

Kirtanin gaskiya ne. Ban riƙe numfashi ba. Ƙari ne a hanji, irin wanda mutane ba sa son kiran sunansa. Shekara guda ke nan da aka gano. An yi aiki sau biyu, ana ƙara mini ruwan magani duk sati uku. Likitoci ba su ce a'a ba, ba su ce i ba, sai su dubi takarda su ce mu ga wata mai zuwa. Wasiƙarki ta fushi a gadon asibiti ta same ni bayan aiki na biyu, shi ya sa kika ji shiru. 'Yata ce ta karanta mini. Da ta zo wurin gemu na yi dariya har ɗinkin cikina ya motsa, aka zo aka yi mana faɗa. Don haka ba abin yafewa, rabon da in yi dariya irin wannan har na manta. Malamin lissafi kuwa ya yi ritaya, haƙoransa ma sun riga shi.

Kin tambaya me ya sa ban aiko a rage ba. Na farko, na san ki. Da kwalin ya iso, kin juya riga ɗaya ciki waje, da kin gane, kamar yadda kika gane yanzu. Da kin gane kuma sai jirgi, shekara biyar ɗin da kika yi kina haƙuri ta tashi a banza saboda ni. Na so ma in ƙi aiko kirtanin, sai na ga shirun zai fi tona ni. Na yi tunanin in ƙara masa tsawo, hannuna ya ƙi. Ban taɓa yi miki ƙaryar awo ba.

Na biyu shi ne wanda ban san ko za ki gane ba. Ranar da na zube su a gado na tsaya ina kallon su, kowace da faɗinta, kowace da shekararta. Na ce yanzu almakashi zai shiga nan ya yanke rabi a zubar? Wannan rabin ai ni ce. Ban ji kunyar Randar da ba, Allura, kewarta nake yi. Ita ce mai cika ƙofa, mai dariya kujera na girgiza. Na ga gara su tafi yadda suke, su sami jikin da zai cika su, da a tsuke su su dawo daidai da abin da ciwo ya bari.

Kuma na ga amfanin hakan da idona. Wata Talata muna cikin mota za mu asibiti, danja ta tsayar da mu, sai ga shuɗiyar tana tsallaka titi. Malamar jinyar nan ce, leda a kowane hannu, tana tafe tana rangaji, har ta tsaya tana yi wa wani direba masifa don ya matso mata. Hannun rigar yana kaɗawa yadda kika yanka shi ya yi. Na taɓa 'yata na ce, "Ke, ga ni can." Ita ta fashe da kuka, ni kuwa ranar na cinye abincina tas.

Yanzu ga roƙona guda biyu. Ki ɗinka mini jan yadin nan da kirtanin da ke hannunki. Na gaji da sa kayan 'yata da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Yadi shida da rabi zai yi yawa, ki yi wa kanki da ragowar, mu yi anko karon farko a rayuwarmu. Kuma wannan karon kada ki bar rara a ciki, kada ki ɓata yadi.

Na biyu, kada ki zo. Na ƙirga, saura miki wata biyu da 'yan kwanaki. Ki zauna ki karɓi takardarki. Zan yi iya ƙoƙarina in jira ki.

Taki,
Randa

* * *

Randa,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunki. Ni lafiyata ƙalau, kada ki tambaya.

Da na gama karanta wasiƙarki na sauko da kirtanin daga ƙusa. Wata uku yana rataye a gabana, ban taɓa tunanin in yi abin da na yi ranar ba. Na zagaya shi a ƙuguna. Randa, ƙullin ƙugun a kan cibiyata ya zauna, daidai, ba ragi ba ƙari. Awona ne. Ni da kike cewa in na juya gefe sai a neme ni a rasa. Na tsaya a gaban madubi da kirtaninki a jikina na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Kaka.

Washegari na ba Mai Guga koriyar, na ce ta sa. Ta shigo da ita wurin aiki ran Litinin, maɓalli talatin da biyu duk a rufe, ba wanda ke neman tsinkewa. Layinmu gaba ɗaya aka tsayar da keke ana kallo, tana juyi tana dariya. Na gane abin da kika gani a titi. Ki ce wa dillaliya na janye maganar awaki.

Roƙonki na biyu ban karɓa ba. Na je ofishin takardu na tambaya, suka ce in na fita yanzu lissafi ya koma farko. Na ce to ya koma. Matar ta cire tabarau ta ce, "Wata biyu fa ya rage miki, kin gane kuwa?" Na ce na gane. Shekara biyar na san yadda ake yin ta, na yi sau ɗaya, zan iya sakewa. Ke kuwa guda ɗaya gare ni, kuma mai cewa za ta yi ƙoƙari ta jira, ban yarda da ita ba, tunda ta shekara tana ce mini kamara ce ta lalace. Ban kira na faɗa miki ba don na san za ki yi gardama har ki gaji. Na aiko wannan ta masu saurin kai saƙo, za ta riga ni da kwana biyu, ki yi masifarki ki gama kafin in iso. Ki ce wa 'yarki ranar Alhamis da azahar, kuma ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinki, ba na son ɗakin baƙi.

Rigar tana cikin jakata, ba zan ba gidan waya ita ba. Wuyan ba zai taɓa ki ba, aljihu zai ci waya da makulli da alewa, na sa jan zarena a ciki. Tawa ma na ɗinka, za mu yi ankon.

Kin ce kada in bar rara. Shekara talatin ina ɗinki, mai kaya ba ta taɓa koya mini aikina ba, ba kuma za a fara daga kanki ba. Na bar yatsu huɗu ta kowane gefe kamar kullum, na ninke su a ciki. Zan taho da tef ɗina da abin warware ɗinki. Ke dai ki cika su, sakin aikina ne.

Taki,
Allura